Burtali Ba Hanyar Ƙafa Ba Ne: Martani Ga Mai Cewa Turanci Ya Ishi Taswirarmu

Kwanan baya wani malami ya yi rubutu yana ba matasanmu masu haɗa manhajar taswira shawara, cewa su daina wahalar da kansu wajen bin ƙauyuka suna tattara sunayen da Bahaushe yake kiran siffofin ƙasa da su. A ganinsa duniya ta riga ta gama wannan aiki: akwai jerin rukunoni da Turanci wanda masana suka amince da shi, sai a ɗauko a yi aiki da shi, in an kammala a fassara rubutun da ke kan maɓallai domin wanda bai yi boko ba. Ya ƙara da cewa kalmominmu ba su da tsayayyar iyaka. Ya kafa hujja da "dutse", wanda yaro yake jifa da shi, mace take niƙa a kansa, kuma shi ne dai wanda ake hawa a Roni har numfashi ya sarƙe. Kwamfuta kuwa, in ji shi, ba ta san kara ba, abu ɗaya take so da suna ɗaya.

Malam ya yi rubutunsa cikin natsuwa, kuma akwai inda ba ni da ja da shi. Lambobin da GPS ke bayarwa ɗaya suke a Babura da Landan. Bayanan da aka tattara a nan dole su iya shiga rumbun da wani zai buɗe a Abuja ya gane. Wanda ya ƙi wannan ya ƙi gaskiya. Amma daga nan muka raba hanya, domin Malam ya ɗauki kalmomi a matsayin abin da ake liƙawa a ƙarshe, alhali a aikin manhaja su ake fara yankewa kafin a rubuta layi ɗaya.

Ga yadda abin yake. Mai haɗa manhaja yakan fara da tambayar kansa: waɗanne irin abubuwa ne za su shiga ciki? Sai ya tanadi gurbi ga kowane iri, kuma kowane gurbi da tambayoyinsa. In titi ne, ana tambayar kwalta ne ko burji. In rijiya ce, ana tambayar zurfinta. Abin da ba a tanadar masa gurbi ba, ko dai a cusa shi a gurbin wani, ko a bar shi a waje. Masu wannan sana'a sun daɗe da sanin haka. A 2003 wani Ba'amurke mai suna Eric Evans ya fitar da littafi a kan tsara manhaja, kuma ginshiƙin maganarsa shi ne mai rubuta manhaja da mai sanin aikin da ake yi wa manhajar su yi magana da kalmomi iri ɗaya, tun daga hirar baki har cikin rubutun da na'ura ke karantawa. Da zarar an sa tafinta a tsakani, ma'ana ta fara zubewa. To a taswirar ƙasar Babura wane ne mai sanin aikin? Manomi ne da makiyayi da mai unguwa da ɗan acaɓa da ma'aikaciyar rigakafi. Ba ɗayansu da yake tunanin ƙasarsa da Turanci.

Mu ɗauki burtali, don a kansa ne shawarar Malam za ta fi yin ɓarna.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a cikin burtali da damina ya san kamanninsa. Gero ya yi tsawo dama da hagu, an kafa aguwa ko bini-da-zugu a gefe don kada dabba ta leƙa gona, ƙasar tsakiya ta sha kofato har ta yi laushi, ga kashin shanu sabo da busasshe. In ka lura da kyau za ka ga inda wani manomi ya matso da kunya biyu ko uku ciki, shingen ya ɗan lanƙwasa, hanyar ta tsuke. Baɗi wani zai ƙara nasa. Wanda ke zaune gaban kwamfuta yana kallon hoton tauraron ɗan'adam ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Zare yake gani fari tsakanin gonaki. Zai duba jerin da Malam ya yaba, ya ga hanyar ƙafa da hanyar gona da ƙaramin titi, ya zaɓi ɗaya ya wuce. Daga wannan lokaci burtalin ya zama layi, layi kuwa tsawo gare shi, ba ruwansa da faɗi. Alhali duk rigimar burtali a kan faɗi take. Ba a taɓa zuwa gaban hakimi don an rage wa burtali tsawo ba, kullum maganar ita ce an cinye gefensa. Gurbin hanyar ƙafa ba zai tambaye ka taku nawa ne faɗinsa ba, ba zai tambaye ka wace mashaya yake kaiwa ba, ko wace makiyaya ya fito, ko wane dagaci ne ya san iyakarsa. In an fassara maɓallin daga baya aka rubuta "burtali" a kai, an dai sauya suna, tambayoyin da ke ƙarƙashi na hanyar ƙafa ne har yanzu.

Kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce a jihar Jigawa da ta kafa hukuma sukutum don sasanta manoma da makiyaya. Dokar keɓe wuraren kiwo ta tsohuwar Jihar Arewa tun 1965 take. ECOWAS ta yi nata tsarin zirga-zirgar dabbobi tsakanin ƙasashe a 1998, kuma shanun da ke gangarowa daga Damagaram bayan girbi ta wannan yanki namu suke ratsawa. Ranar da alƙali ko shugaban ƙaramar hukuma zai buɗe taswira a waya don raba gardama, abin da taswirar ta kira wurin shi zai yi nauyi.

Malam zai ce ai ƙasashen da suka ci gaba ba sa wannan. Suna yi. Sifaniya tana da hanyoyin dabbobi da tsawonsu ya kai wajen kilomita 125,000, gadon makiyayan tumaki tun ƙungiyarsu ta Mesta da aka kafa a 1273. Da suka zo yin doka a 1995 ba su nemo kalmar wata ƙasa ba. Sunayen da makiyayansu ke amfani da su suka ɗauka, suka yanka wa kowanne faɗi: babba kada ya wuce mita 75, matsakaici mita 37.5, ƙarami mita 20. Kalmar gargajiya ce, aka ɗaura mata awo, ta shiga doka ta shiga taswira. Abin da nake cewa a yi wa burtali ke nan.

Sai maganar dutse, wadda Malam ya fi jin daɗinta. Gaskiya ne kalmar tana da faɗi. Amma zaton cewa Turanci ya tsira daga wannan, zato ne kawai. Har yau hukumar sunayen wurare ta Amurka ba ta da wata ma'ana ta hukuma da ta raba babban dutse da ƙarami. An taɓa amfani da ƙafa 1,000 a matsayin iyaka, aka watsar. Waɗanda suka tsayar da iyakoki masu aiki su ne masu hawan duwatsu da kansu, saboda su ne abin ya dama. A Sikotilan, Sir Hugh Munro ya fitar da jeri a 1891 na duwatsun da suka haura ƙafa 3,000, wato kimanin mita 914, kuma har yanzu da sunansa ake kiran irin waɗannan duwatsu, guda 282 a lissafin yau. Ƙungiyar masu hawan duwatsu ta duniya, UIAA, wadda aka kafa a 1932, sai a 1994 ta tsayar da jerin ƙololuwa 82 na tsaunukan Alps da suka kai mita 4,000, bayan doguwar muhawara a kan wanne ne ƙololuwa mai zaman kanta, wanne ne kafaɗar wata. Ma'aunin wahalar hawa ma bai zama ɗaya ba: Faransa da nata, Amurka da nata, Ingila da nata, kuma manhajojin masu hawa suna ɗauke da su duka tare da jadawalin da ke nuna wanne ya yi daidai da wanne. Ba wanda ya ce wa Bafaranshe ya yar da nasa.

Abin lura a nan shi ne, kalmomin nasu ma da sako-sako suka fara. Zama aka yi aka ɗaure su. In aka ɗauko awon Munro aka kawo nan, babu dutse ko ɗaya a ƙasar Kazaure, sai a tafi wajen irin su Chappal Waddi na Taraba mai mita 2,419. Amma je ka gaya wa mutumin Roni ko na Gwiwa cewa garinsu ba duwatsu.

Mu a nan ba mai hawa da igiya da ƙugiya don nishaɗi. Masu hawan namu su ne yaro mai bin awaki, da mai fasa dutse, da mai neman itace ko magani, da ma'aikacin da ke zuwa duba ƙarfen sabis, sai ɗalibai da suke fita yawon buɗe ido. Tambayoyinsu daban ne, kuma harshen yana da amsarsu. Akwai fa, shimfiɗaɗɗen dutsen da ake shanya a kai da rani, wanda in ruwa ya taɓa shi santsinsa sai ya kayar da babba. Akwai tsauni. Akwai tudu, wanda ƙasa ce ta ɗaga, ana nomansa, amalanke na hawansa. Akwai kogo, akwai kwazazzabo da ruwa ya ƙwaƙule, akwai gangare, akwai marmara da fako inda shuka ba ta kamawa. Sannan akwai jigawa, tudun yashin da ya mamaye gabashin wannan yanki, wanda da sunansa aka raɗa wa jihar suna ranar 27 ga Agusta 1991. Mutumin da ya bar duwatsun Kazaure ya nufi Babura yana ganin yadda ƙasa ke sauyawa daga tsakuwa zuwa rairayi, kuma direba ya fi kowa sanin bambancin, don a ɗaya taya ke fashewa, a ɗaya mota ke kafewa. Harshen da ya rarrabe waɗannan duka ba shi ne za a ce ba shi da iyaka ba. Abin da ya rage shi ne a zauna a ce: a cikin wannan manhaja, in mun ce tudu ga abin da muke nufi, in mun ce dutse ga abin da muke nufi, na jifa da na niƙa ba sa ciki. Magana ce ta yini ɗaya a zauren dagaci.

A kan ruwa ba sai na ja magana ba, don Bankin Duniya ya riga ya yi mini. Tun farkon shekarun 1990 da ya zuba kuɗi a wani shirin noman rani a Nijeriya, sunan shirin Fadama, haka ake rubuta shi a takardun Washington, kalmar da ta haɗa ƙasa mai kwanciyar ruwa da damina, mai ruwa kusa da rani, mai karɓar tumatir da albasa da alkama. In ka cusa fadamun kogin Gari ko na Tomas a gurbin dausayi irin na Turai, taswira za ta nuna wurin da ba a shiga, alhali nan ne abincin mutane yake. Haka tafki da kududdufi: hoto daga sama zai nuna su shuɗi iri ɗaya a watan Agusta. Ɗaya yana kaiwa bazara ana shayar da dabbobi, ɗaya ramin da aka ɗebi ƙasar gini ne a bayan gari, matattarar sauro, inda yara ke nutsewa. Ma'aikacin lafiya da makiyayi kowanne da wanda yake nema.

Akwai kuma abin da ya faru a gabanmu, wanda na yi mamakin yadda Malam ya tsallake shi. Kafin 2012 masu rigakafin shan inna da taswirar hannu suke fita, wadda aka zana da biro a kan takarda, kuma akwai rugage da gidajen gona da ba su taɓa shiga cikinta ba. Daga wannan shekara aka fara zana taswirar mazaɓu daga hoton tauraron ɗan'adam a jihohin Arewa, har da Kano da Jigawa, da tallafin gidauniyar Bill da Melinda Gates, da aikin ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano. Aka riƙa ba tawagogi wayoyi masu GPS don a ga inda suka taka da inda suka tsallake. Na'ura ta kasa matsugunai gida uku gwargwadon yawan gine-gine da cunkosonsu: manyan garuruwa, ƙananan ƙauyuka, da 'yan gidajen da ke warwatse. Wannan rabo ya yi amfani wajen lissafi. Amma hoto ba ya faɗin suna. Sai da aka tura mutane da ƙafa da babur, suka zauna da masu unguwanni da dagatai, ana nuna ɗigo ana tambaya nan ina ne, ƙarƙashin wa yake. Ba a iya ce wa ma'aikaciya ta je ƙaramin matsuguni mai lamba kaza. Unguwar wane ake ce mata, ko rugar wane, bayan makarantar allo. Da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji ranar 25 ga Agusta 2020, na'urar ta sha yabo, kuma ta cancanta. Rabin aikin dai masu unguwanni ne suka yi shi da baki.

Ruga ma kanta darasi ce. Gurbin ƙauye yana ɗauka cewa abin da aka sa a taswira yana nan daram. Ruga kuwa tana iya tashi. Wata ta shekara arba'in a wuri ɗaya, wata ta kaka ce kawai, a gonar da aka girbe, bisa yarjejeniyar taki da mai gona. In manhaja ba ta da inda za ta tambayi wace iri ce, za a riƙa tura ma'aikata kufai.

Ko kalmar "gunduma" ta isa ta nuna cewa Turanci ba ya warware mana komai. A bakin wani ƙasar hakimi ce, a bakin wani mazaɓar kansila ce, kuma iyakokinsu ba ɗaya ba ne. Babura maƙwabciyar Kazaure ce, sanata ɗaya suke zaɓa, amma a sarauta tana ƙarƙashin masarautar Ringim, yayin da Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi suke masarautar Kazaure. Jerin da aka tsara a ƙasar da ba ta da hakimi ba shi da gurbin wannan tsani na biyu, mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi zuwa sarki. Amma ta wannan tsani ake sanar da rigakafi, ta nan ake sasanta rikicin gona.

Hujjar Malam mafi ƙarfi ita ce wadda bai tsaya a kanta sosai ba: Hausar ba ɗaya ba ce. Abin da Bakano zai kira rafi, wani ƙorama zai ce. Abin da ake kira kogi a nan, gulbi ne a Katsina da Maraɗi. Tunga ta yamma ba a cika jin ta a nan ba. Makiyayin da ya fi kowa sanin burtali kuma wataƙila da Fulatanci yake kiran rabin abin da ke cikinsa. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ba na goyon bayan ɗaya ɓangaren, masu son a tara farfesoshi a otal su ƙirƙiro kalmomi. Mun ga irin waɗannan kalmomi da aka haifa a taron bita suka mutu a cikin rahoto. Ba ƙirƙira ake bukata ba. Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934 bayan shekaru yana bin garuruwa yana tambaya, yana rubuta cewa wannan ta Katsina ce, wannan ta Sakkwato. Ƙamusun Jami'ar Bayero na 2006 yana nan. Kalmomin suna nan a rubuce da kuma a bakin mutane. Manhaja kuwa ba ta jin nauyin riƙe suna uku ga abu ɗaya: gurbi ɗaya, ma'ana ɗaya a rubuce da jimla biyu, hoto ɗaya na misali, sannan sunayen da ake kiransa da su a Babura da Daura da Magarya da kuma Fulatanci. A gefe a rubuta rukunin duniya da ya fi kusa da shi, don in an tura bayanan waje a gane. Inda babu na kusa, a ce babu.

OpenStreetMap, taswirar intanet da jama'a ke zanawa wadda ake kafa hujja da ita, ita ma haka take aiki. A Ingila aka fara ta a 2004, shi ya sa rabe-raben titunanta suka ɗauko tsarin titunan Ingila, har sai da masu zana taswirar Afirka suka rubuta nasu jagoran na yadda za a fassara waɗannan rukunoni a ƙasar da babbar hanya kan zama ta ƙasa. Ƙa'idarta kuma ita ce kowa na iya kawo sabuwar alama, ya bayyana ma'anarta, in jama'a sun karɓa ta zauna. Ƙofar a buɗe take. In burtali bai shiga ba, mu ne ba mu kai shi ba.

Da sauran aiki a kan rubutun sunaye. Ɗambatta da ƙugiya da Dambatta ba ƙugiya gari ɗaya ne, amma na'urar bincike ba ta sani ba sai an gaya mata. Tsallaken iyaka kuma rubutun Faransa ne: Tasawa ta zama Tessaoua, Matamaye ta zama Matameye, Damagaram kuwa Zinder. Ɗan kasuwar da ke bin hanyar Babban Mutum zuwa Magarya yana bukatar ya rubuta yadda ya iya ya samu. Ga kuma Sabon Gari da Unguwar Gabas da Gidan Malam da suke maimaituwa a kusan kowace ƙaramar hukuma, waɗanda ba a bambance su sai da sunan dagacin da suke ƙarƙashinsa. Wannan ma ya dawo da mu kan tsanin da jerin Malam ba shi da shi.

Malam ya ce ɓata lokaci ne. Ni kuwa lissafina ya nuna akasin haka. Akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura tun 2021, akwai Kwalejin Hussaini Adamu a Kazaure da cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta jiha a garin. Ɗaliban da ke neman aikin kammala karatu ba su da iyaka, kuma da yawansu 'ya'yan waɗannan ƙauyuka ne, ba sa bukatar tafinta. Kalmomin da ake magana a kansu ba za su wuce ɗari ɗaya ko biyu ba. Zangon karatu ɗaya ya isa a zaga, a ɗauki hoto, a yi gardama da dattawa, a rubuta. Amma in aka fara zana dubban layuka a gurbin da ba nasu ba, gyaran sai an sake komawa kowane wuri da ƙafa a tambaya wannan hanyar mutane ce ko ta shanu, kuma kafin a koma wasu burtulan an riga an shuka gero a cikinsu, babu sauran abin da za a auna.